Yadda Ake Koyar da Littafin Habakuk: Hukuncin Allah a Kan Mugunta da Alkawarin Fansa

A cikin abubuwan da ake koyarwa a ikkilisiya, da wuya a sami wanda yake saurin kuɓuce wa malami kamar batun hukuncin Allah a kan mugunta. Wani malamin yakan kauce masa gaba ɗaya don kada ya tsorata jama'a, wani kuma yakan ɗauke shi da ƙwazo amma ya juya shi kan waɗanda ba sa cikin majami'a, har masu sauraro su tashi da tunanin cewa hukunci rabon wasu ne, fansa kuwa tasu ce. Tauhidin Kirista bai yarda da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, domin a koyarwarsa hukunci yana farawa ne daga gidan Allah, kamar yadda 1 Bitrus 4:17 ta nuna, kuma ba a raba shi da alkawarin fansa. Littafin Annabi Habakuk ya dace ƙwarai da wannan darasi. Sura 3 ne kawai, aya 56, ana iya karanta shi da babbar murya cikin minti goma sha biyar, amma ya ƙunshi kuka, da tambaya, da hukunci, da alkawari, kowanne a wurinsa. Abin da ke biye hanya ce ta koyar da shi a zama huɗu, ko a nazarin tsakiyar mako, ko a taron zumuntar mata, ko a ajin manya na makarantar Lahadi.

Shirin malami kafin zama na farko

Malami ya karanta littafin duka a zama ɗaya, fiye da sau ɗaya, kafin ya buɗe wani littafin sharhi, kuma idan yana da fassarar Hausa iri biyu, kamar Littafi Mai Tsarki na 1979 da Sabon Rai Don Kowa, ya karanta su tare. Bayan haka sai ya kama tarihi, gama wanda bai san halin da Yahuza take ciki ba zai ɗauka Habakuk mutum ne mai yawan ƙorafi kawai.

Littafin bai ambaci sunan wani sarki ba, amma ambaton tasowar Kaldiyawa, wato mutanen Babila, a 1:6 ya sa masana da yawa suke ajiye shi a ƙarshen ƙarni na 7 kafin haihuwar Almasihu. Nineba, babban birnin Assuriya, ta faɗi a shekara ta 612. A shekara ta 609 Fir'auna Neko ya kashe Yosiya, sarkin da ya yi gyara a Yahuza, a Magiddo, sa'an nan ya ɗora Yehoyakim a kan gadon sarauta, ya kuma aza wa ƙasar gandu na azurfa talanti 100 da zinariya talanti 1, wanda sabon sarkin ya tatso daga hannun talakawa, kamar yadda 2 Sarakuna 23 ta bayar da labari. Annabi Irmiya, wanda ya yi zamani da shi, ya faɗa a sura 22 cewa Yehoyakim ya gina wa kansa fāda da katakon al'ul yana sa mutane aiki ba tare da biyan su haƙƙinsu ba. A sura 26 an ga Yehoyakim ya sa an kamo Annabi Uriya daga Masar an kashe shi, a sura 36 kuma an gan shi yana yayyanka littafin Irmiya da wuƙa yana jefawa a wuta. A shekara ta 605 Nebukadnesar na Babila ya ci sojojin Masar a Karkemish, daga nan kuwa hanyar Babila zuwa Urushalima ta buɗe. Malami ya rubuta waɗannan shekaru a takarda ɗaya ya riƙe, amma kada ya zuba wa jama'a su gaba ɗaya. Ya fito da kowace a lokacin da nassin ya buƙace ta.

Zama na farko: a bar annabi ya yi kukansa

A karanta 1:1-11. Ya fi kyau mutum biyu su karanta, ɗaya ya ɗauki muryar annabi daga aya 2 zuwa 4, ɗaya kuma ya ɗauki amsar Ubangiji daga aya 5 zuwa 11, domin wanda bai iya karatu ba ma ya ji da kunnensa cewa zance ne tsakanin biyu. Tambayar farko da malami zai yi ita ce, a kan su wa annabin yake kuka? Sau da yawa za a amsa cewa a kan abokan gāba ne, nan kuwa malami zai mai da su ga nassin. Kama-karya, da husuma, da shari'ar da ta shanye, da hukuncin da yake fitowa a karkace, duka a cikin Yahuza suke, a tsakanin mutanen da suke da Haikali da Attaura. Babila ba ta shigo zancen ba tukuna. Idan aka rasa wannan a zama na farko, sauran ukun za su karkace.

Abu na biyu shi ne kada malami ya yi gaggawar tsawata wa Habakuk. Annabin ya tambayi Allah har yaushe zai yi ta kira ba a ji ba, kuma Allah bai hore shi saboda tambayar ba, ya amsa masa ne. Irin wannan kuka ya cika Zabura, a duba ta 13 da ta 74, har ma shahidai a Wahayin Yahaya 6:10 suna tambayar har yaushe. A cikin kowace ikkilisiya akwai waɗanda aka cuta, wasu an cinye musu gona ko gādo, wasu an kashe musu dangi ba a kama kowa ba, kuma sun daɗe ana ce musu su yi haƙuri. Haƙuri kam wajibi ne, amma nassin ya ba su izini su kai ƙara gaban Allah da bakinsu, malami kuwa ba shi da ikon hana abin da nassi ya bayar.

Amsar da Allah ya bayar ba mai sanyaya zuciya ba ce, kada kuma a yi mata kwaskwarima. Ya ce zai ta da Kaldiyawa, al'umma mai zafin rai, waɗanda dawakansu suka fi damisa sauri, masu tara kamammu kamar yashi, masu yi wa sarakuna ba'a, waɗanda ƙarfinsu ne allahnsu. A rufe zaman a nan, ko da jama'a suna son a ci gaba. Nauyin da za su tafi da shi gida wani ɓangare ne na darasin.

Zama na biyu: jinkiri ba mantuwa ba ne

A karanta 1:12 zuwa 2:5. Tambayar annabi ta biyu ta fi ta farko tsanani: idan idon Allah ya fi ƙarfin kallon mugunta, me ya sa ya yi shiru sa'ad da mugu yake haɗiye wanda ya fi shi adalci? Ya kwatanta mutane da kifayen da Babila take ja da ƙugiya da taru, sa'an nan ta miƙa hadaya ga tarun nata. A nan malami zai bayyana wata ƙa'ida da take ratsa littattafan annabawa, wato Allah yana iya yin aiki ta hannun mugu ba tare da ya wanke mugun ba. Ishaya 10:5-12 ta kira Assuriya sandan fushin Allah, kuma a wuri guda ta ce idan ya gama aikinsa a Urushalima zai hukunta girman kan sarkin Assuriya.

Habakuk ya hau hasumiyar tsaro yana jiran amsa, aka ce masa ya rubuta wahayin a fili a kan alluna, gama yana da ajali, kuma ko ya yi jinkiri a jira shi. Yanzu ne lokacin fito da sauran shekarun. Nebukadnesar ya ci Urushalima a 597, ya rushe ta da Haikalinta a 586, Babila kuwa ba ta faɗi ba sai a 539, a hannun Sairus na Farisa, wanda ya ba kamammu izinin komawa gida kamar yadda Ezra 1 ta nuna. Daga Karkemish zuwa faɗuwar Babila an haura shekara 60. Malami ya rubuta 605 da 539 a allo, ya sa ɗaya daga cikin matasa ya yi lissafi, sa'an nan ya tambayi jama'a mutum nawa daga cikin waɗanda suka fara jin wannan wahayi suka ga cikarsa da idonsu. Wannan lissafi yana koyar da ma'anar 2:4, cewa adali zai rayu ta wurin bangaskiyarsa, fiye da dogon bayani. A ajiye ayar, za a dawo gare ta.

Zama na uku: kaito biyar, da hanyar zuwa gicciye

Wannan shi ne zama mafi nauyi, kuma idan lokaci ya ƙure ya fi kyau a raba shi biyu da a yi shi a guje. A karanta 2:6-20, a sa jama'a su nemo kaito biyar ɗin da kansu. Na farko, a aya 6, a kan mai tara abin da ba nasa ba ne, mai azurta kansa da jingina. Na biyu, a aya 9, a kan mai cika gidansa da ƙazamar riba don ya sa sheƙarsa can sama inda masifa ba za ta kai ba, kuma aka ce dutse zai yi kuka daga cikin bango, katakon rufi ya amsa masa. Na uku, a aya 12, a kan mai gina birni da jini. Na huɗu, a aya 15, a kan mai shayar da maƙwabcinsa har ya bugu don ya ga tsiraicinsa, na biyar kuma, a aya 19, a kan mai ce wa itace da dutse su farka. Malami ya nuna cewa a kusan kowanne, hukuncin laifin ne da kansa yake komawa kan mai shi: wanda ya washe za a washe shi, wanda ya kunyata wasu zai ƙoshi da kunya. Abin da mutum ya shuka shi zai girba, kamar yadda Galatiyawa 6:7 ta faɗa. Wannan yana kawar da zaton cewa fushin Allah irin na ɗan adam ne, mai tashi ba dalili.

A daidai nan ne jama'a sukan fara kiran sunaye, wani ya ambaci wata ƙabila, wani ya ambaci wani addini, wani kuma wani mai mulki. Malami ya tsai da wannan cikin ladabi amma ba da wasa ba. Ya buɗe Irmiya 22:13 ya ajiye ta kusa da Habakuk 2:9 da 2:12, jama'a su gani cewa laifin da aka tuhumi Babila da shi, da shi aka tuhumi sarkin Yahuza, jikan gidan Dawuda. Sa'an nan ya mai da tambayar gida: wa yake riƙe kuɗin ɗan ƙodago har ya kwana, wa ya karɓi gonar gwauruwa jingina ya ƙi mayarwa, wa yake yi wa mudu dabara a kasuwa? Ya kuma kiyaye harshensa daga cewa wata annoba ko wani hari hukunci ne saboda zunubin wane. Habakuk ya sami wahayi, malami kuwa nassi kawai yake da shi, kuma Yesu da kansa, a Luka 13:1-5, ya ƙi yarda cewa mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa a kansu sun fi sauran mutanen Urushalima laifi, sai ya juya zancen zuwa tuban masu tambayar.

A tsakiyar kaito ɗin akwai aya 14, wadda ta ce duniya za ta cika da sanin ɗaukakar Ubangiji kamar yadda ruwa ya rufe teku. Kada a wuce ta, gama ita ce take nuna inda hukuncin ya nufa. Manufar ba rushewa kawai ba ce, duniya ce da aka share ta daga zalunci.

Daga nan sai a ƙetare zuwa Sabon Alkawari, kuma gadar tana nan a cikin nassi, ba sai malami ya ƙirƙira ba. Manzo Bulus ya ɗauko Habakuk 2:4 a Romawa 1:17, nan take kuma a aya 18 ya fara zancen fushin Allah a kan rashin adalcin mutane, ya bi da shi har 3:23, inda ya ce duka sun yi zunubi. Idan haka ne, tambayar Habakuk ta juya: ba me ya sa Allah bai hukunta su ba, sai dai wa zai tsaya idan ya hukunta kowa? Amsar bangaskiyar Kirista tana Romawa 3:24-26, cewa Allah ya miƙa Yesu Almasihu hadayar sulhu domin ya zama shi mai adalci ne, shi ne kuma mai kuɓutar da wanda ya ba da gaskiya. Galatiyawa 3:11-13 ta sake ɗauko ayar ta ce Almasihu ya fanshe mu daga la'ana ta wurin zama la'ananne dominmu. Malami ya nuna musu ƙoƙon da yake hannun dama na Ubangiji a Habakuk 2:16, sa'an nan ya karanta addu'ar Yesu a Getsamani a Markus 14:36, inda ya roƙi a kawar masa da ƙoƙo amma ya miƙa kai ga nufin Uba. Kiristoci sun daɗe suna karanta ƙoƙon Getsamani a hasken ƙoƙon fushi na annabawa, kuma a ganina babu wurin da ya fi wannan nuna wa jama'a cewa hukunci da fansa sun haɗu a gicciye.

Masana tauhidi sun bayyana wannan ta fuskoki dabam-dabam. Iyayen ikkilisiya na farko sun fi jaddada nasarar Almasihu a kan mutuwa da Iblis, bisa ga Kolosiyawa 2:15 da Ibraniyawa 2:14. Anselm na Kantabari, a ƙarshen ƙarni na 11, ya yi bayanin yadda Almasihu ya biya abin da ɗan adam ya kasa biya. Martin Luther ya rubuta a 1545 cewa ya taɓa ƙin jinin kalmar adalcin Allah a Romawa 1:17, sai da ya gane cewa adalci ne da Allah yake bayarwa kyauta ta wurin bangaskiya. Malami ya san waɗannan, amma kada ya mai da zaman fagen muhawara a kansu.

Akwai tambayar da ya kamata malami ya shirya mata, domin za ta zo, wataƙila bayan an tashi, daga bakin wata uwa da ta yi shiru tun farkon zama tana riƙe da bakin gyalenta. Za ta ce, "Malam, wanda ya kashe mini ɗa, in ya tuba, shi ke nan an gafarta masa?" Kada malami ya tsaya a kanta yana amsawa. Ya zauna, ya kira ta Mama, ya saurara har ta gama. Gaskiyar koyarwar ita ce i, gama Shawulu, wato Manzo Bulus, ya yarda da kisan Istifanas a Ayyukan Manzanni 8:1, daga baya kuma ya kira kansa babban mai zunubi da aka yi wa jinƙai a 1 Timoti 1:15-16. Amma ya ƙara mata da cewa gafarar ba ta nufin jinin ɗanta ya zama banza, domin a koyarwar Kirista babu zunubin da ba a hukunta ba, ko dai a gicciye ko a ranar shari'a, ranar da Almasihu zai dawo ya yi wa masu rai da matattu shari'a, kamar yadda ikkilisiya take furtawa a Shaidar Bangaskiya ta Nikiya. Tuba na gaskiya kuma ba ya gudun haƙƙi, gama ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu ya yarda cewa hukuncinsa daidai ne, Zakka kuma ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu. Romawa 12:19 ta hana ramuwa da hannu, amma Romawa 13:4 ta ba hukuma aikin hukunta mai laifi, Bulus ma ya ɗaukaka ƙara zuwa gaban Kaisar. Saboda haka kai ƙara ba rashin bangaskiya ba ne. Kada a tilasta mata ta furta gafara a ranar.

Zama na huɗu: addu'ar annabi

Sura 3 addu'a ce, kuma ƙashin bayanta yana aya 2, inda annabi ya roƙi Allah ya tuna da jinƙai a cikin fushi. Daga aya 3 zuwa 15 yana tuna zuwan Allah daga Teman da Dutsen Faran, da yadda ya bi ta teku, harshen da yake komawa ga fitowa daga Masar, aya 13 kuma ta faɗi dalilin fitowar, wato domin ceton jama'arsa da shafaffensa. Jama'a sukan san aya 17 zuwa 19, amma malami ya fara daga aya 16, inda cikin annabi yake kaɗawa, leɓunansa suna rawa, ƙafafunsa sun kasa ɗaukarsa. Mutumin da zai yi farin ciki a aya 18 bai daina jin tsoro ba, kuma Babila ba ta fasa zuwa ba. Manoma ba sa buƙatar a yi musu bayanin aya 17, inda ɓaure bai yi toho ba, inabi da zaitun suka ƙi, gonaki ba su ba da abinci ba, garke da turke suka zama wayam. Wanda ya taɓa leƙa rumbunsa a watan Agusta ya ga ƙasansa ya san abin da ake nufi, a bar irin waɗannan dattawa su yi magana.

A haɗa wannan da Ibraniyawa 10:32-39, wadda aka rubuta wa masu bi da aka ƙwace musu dukiya aka kuma ɗaure 'yan'uwansu, inda marubucin ya ɗauko Habakuk 2:3-4 ya ɗora a kan dawowar Almasihu, sa'an nan a karanta Wahayin Yahaya 21:1-5. Surar ta uku tana da alamar Sela, irin wadda ake samu a waƙoƙin Zabura, sau uku, kuma ta ƙare da umarni ga shugaban mawaƙa cewa a rera ta da kayan kiɗa masu tsirkiya. Saboda haka malami ya sanar da shugaban mawaƙan ikkilisiya tun daga zama na biyu, ya ba shi aya 2 da aya 16 zuwa 19 domin su sa musu murya, a rera su a ƙarshen zaman. Idan jama'a suka nemi a ci gaba, littafin Nahum ne ya fi kusa ta wajen tarihi, Romawa 1 zuwa 5 kuma ta wajen koyarwa.